Hukuncin Shiga Wurin Ibadar Mabiya Buddha Don Buɗe Ido

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro tufafi a kasuwar Pratunam da ke Bankok, ƙasar Tailan. Abokin cinikina ɗan ƙasar ya nace zai kai ni haikalin Wat Pho in ga gunkin Buddha na kwance. Ya halatta in je? Idan na je, mene ne ya haramta gare ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, shiga wurin hukuncinsa daban, abin da ake yi a ciki hukuncinsa daban, kuma na biyun ya fi haɗari.

Malamai sun yi magana a kan shiga coci, sauran wuraren bauta kuma a kanta ake ƙiyasta su. Hanafawa sun karhanta. Wasu Shafi'awa sun hana idan akwai surori a ciki. Hambalawa sun halatta. Hujjar masu hanawa ita ce maganar Sayyadina Umar da Buhari ya kawo, cewa ba sa shiga majami'un Nasara saboda mutum-mutumin da ke cikinsu. Haikalin Buddha ya fi coci nauyi a wannan babin, domin gunkin ne tsakiyar wurin, dominsa aka yi ginin. Na Wat Pho tsawonsa mita 46, tsayinsa mita 15, an lulluɓe shi da ruwan zinari, kuma ɗakin ba ya rabuwa da masu bauta. Abin da na fi natsuwa da shi: shiga don yawon buɗe ido kawai makaruhi ne, barinsa ya fi, saboda faɗin Allah a Suratul Hajji aya ta 30, inda ya umarce mu da nisantar ƙazantar gumaka. Mai buƙata ta gaske, kamar ɗalibin tarihi ko tafinta, yana da sauƙi, da sharaɗin imaninsa ya kafu kuma ba ranar bikinsu ba ce. Ranar irin Wisakha Bucha, da ke faɗowa daren cikar wata, galibi a Mayu, suna kewaya ɗakin bauta sau uku da kyandir a hannu. Halartar wannan haramun ne. A hadisin Abu Dawud, da wani ya yi bakancen yanka raƙuma a Buwana, Annabi (SAW) bai ba shi izini ba sai da ya tambaya ko akwai gunkin da ake bauta wa a wurin, ko ana wani idi na jahiliyya.

Idan lalura ta kai ka, ga inda ake zamewa. Tun a ƙofa za a iya miƙo maka furen bado, kyandir, sandunan turare guda uku da ɗan ganyen zinari da ake mannawa a jikin gunki. Kada ka karɓa, domin kayan hadaya ne. Za ka ga suna durƙusawa suna kai goshi ƙasa sau uku: ɗaya ga Buddha, ɗaya ga koyarwarsa, ɗaya ga jama'ar sufayensu. Abokinka zai ce girmamawa ce kawai, su ba su ɗauki Buddha mahalicci ba. Gaskiya ya faɗa game da aƙidarsu, amma hakan bai canza hukunci ba. Mushrikan Makka ma ba su ce Lata da Uzza sun halicci sama ba. Sujada ga gunki da gangan, ba tare da tilas ba, kafirci ce a wurin malamai, kuma haɗa tafuka a ƙirji ana sunkuyar da kai gabansa haramun ne ko don hoto aka yi.

A bayan gunkin akwai ƙwarya 108 ta tagulla a jere, ana canza maka kuɗi zuwa sulalla ka bi kana jefawa don neman sa'a. Baƙi na ɗaukarsa wasa. Kada ka jefa, domin neman albarka ne daga wanin Allah, kuɗin kuma na raya wurin ne. Kuɗin tikiti ya sha bamban, ladan shiga ne, hukuncinsa na bin hukuncin shigar. Haka kada ka zauna sufinsu ya yayyafa maka ruwan tsarki ko ya ɗaura maka farin zare a wuyan hannu, laya ce. Gwangwanin tsinke da ake kaɗawa har ɗaya ya faɗo a duba lambarsa, shi ne azlam, wato kiban ƙuri'a, da Suratul Ma'ida aya ta 90 ta hana.

Cire takalmi da rufe kafaɗa da gwiwa dokar masu wuri ce, ba laifi ka bi. Ba izgili, ba zagi, Suratul An'am aya ta 108 ta hana. Idan mutum ya gaishe ka da haɗa tafuka, ɗora hannu a ƙirji ka amsa da murmushi.

Kada ka yi salla a ciki. Risala ta Ibn Abi Zaid ta lissafa wuraren bautarsu cikin inda aka hana salla. Masallacin Harun yana unguwar Bang Rak, ka lura da lokaci kafin ka fita.

Tunda ɗan kasuwa ne kai: ƙananan gumaka da layun wuya masu siffar Buddha ba a saye ba a sayarwa, ko a matsayin tsaraba, domin hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya haramta cinikin gumaka. Shi kuwa abokinka, ka gode masa, ka faɗa masa cikin ladabi addininka ya hana, ka nemi ya zagaya da kai kogin Chao Phraya a jirgin ruwa, ka riƙe masa kyauta. Suratul Mumtahana aya ta 8 ta ba ka damar kyautata masa.

Wallahu a'alam.