Wane injin aske shinge ya dace da gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan fansho ne, ina zaune a Ƙofar Ƙaura cikin Katsina. Ina da shingen furen nan mai ɗorawar ganye da masu sayar da fure ke kira Duranta, tsawonsa ya kai taku talatin, sai lalle a bayan gida da tsohuwar bogambiliya da ta haye katanga. Yaron da ke aske mini ya tafi makaranta, ni kuma kafaɗa ta fara ciwo, almakashi na wahalar da ni. Na ga injin aski iri uku: mai fetur, mai waya da mai batir. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Kafin ka taka kasuwa, zagaya shingen nan ka duba kaurin rassan da kake son yankewa. Kaurin reshe shi ke zaɓar inji, ba kuɗin aljihu ba. Bakin injin wuƙaƙe biyu ne masu haƙora, suna goga juna gaba da baya, kuma reshen da bai shiga tsakanin haƙori da haƙori ba, ba zai yanku ba ko da injin na miliyan ne. Na gida yawanci ratar haƙoransu milimita 15 zuwa 20 ce, wato kamar kaurin ƙaramin yatsanka. Sabon tohon Duranta da lalle duk bai kai haka ba. Bogambiliyar kuwa ka cire ta daga lissafi. Tsohon reshenta itace ne sosai, ga ƙaya, in ka tura masa inji sai ya cije ya tsaya, wani lokaci haƙori ya lanƙwashe. Ita sai almakashi mai dogon hannu ko ƙaramin zarto.

Da ba ka ambaci kafaɗa ba, da na ce ka riƙe kuɗinka ka kai almakashinka a wasa maka. Taku talatin ba wani dogon shinge ba ne. Amma tunda jiki ya yi magana, mai batir nake ba ka shawara.

Mai fetur ya fi su ƙarfi, ba musu, amma na 'yan kwangila ne masu aske shingen ma'aikatu da manyan gidajen GRA tun safe har la'asar. Nauyinsa kilo biyar ne ko fiye, ga jijjiga, kuma a sama za ka riƙe shi, daidai inda kafaɗar take ciwo. Yawancinsu sai an gauraya fetur da man inji kafin a zuba, galibi kashi hamsin na fetur da kashi ɗaya na mai. Ranar da wani yaro ya zuba masa zallan fetur, injin ya tafi. Sannan in ya kwana biyu a ajiye da mai a ciki, kafireta ta toshe, ka yi ta jan igiya kana gumi. Ƙararsa ma kaɗai ta isa ta haɗa ka da maƙwabta.

Mai waya shi ne mafi araha, mara nauyi kuma, wat 450 zuwa 600 ya ishi gida. Matsalarsa ka san ta: aikin sai da sanyin safiya, wutar kuma sai lokacin da ta ga dama. In kana da janareta ko sola mai ƙarfi, zai yi. Sai dai wayar da ke bin ka a baya, na sha ganin wanda ya datse ta da bakin injin yana tsakar aiki. In shi ka ɗauka, rataya wayar ta bayan kafaɗarka, kuma kar ka taɓa shi da raɓa ko bayan ruwan sama.

Mai batir nauyinsa bai cika wuce kilo uku ba, ba hayaƙi, ba jan igiya, ka yi caji duk sa'ar da wuta ta samu. Nemi mai baki santimita 45 zuwa 50. Dogon baki burgewa ne kawai a ƙaramin gida, nauyinsa na rinjayar hannu. Za ka ga wani an rubuta 18V, wani 20V, mai shago ya ce na biyun ya fi ƙarfi. Abu ɗaya ne, wancan ƙarfinsa na yau da kullum aka rubuta, wannan kuma na lokacin da ya cika fal. Lambar da za ka kalla ita ce ta Ah, ita ke nuna daɗewa. Mai 2Ah yakan yi wajen rabin awa, ya ishi shingenka in ba ka bar shi ya zama daji ba. Mai 4Ah ya ninka, amma ya fi nauyi.

Batirin shi ne rabin kuɗin, shi ne kuma yake fara mutuwa, don haka tambayi mai shago ko yana sayar da shi shi kaɗai. Kamfanoni irin su Makita, Bosch, Ingco da Total kowanne batirinsa ɗaya na shiga kayan aikinsa da yawa, amma galibi na wannan kamfani ba ya shiga na wancan. In akwai injin huda bango mai batir a gidan, sayi ɗan gidansu. In ba ka samu a Katsina ba, 'yan Sabon Garin Kano na kawowa.

Zafin garinmu shi ne babban abokin gabar batir. A watan Afrilu da Mayu ma'auni kan haura 40, kuma irin wannan batir ba ya son caji da zafi. Kar ka bar shi cikin mota, ko a shagon kwano, ko kan dakali a rana. In ka gama aiki bar shi ya huce kafin ka sa a caja, ka ajiye shi a ɗaki mai sanyi da kamar rabin caji in zai daɗe ba a taɓa ba.

Hattara da na gwanjo. Wanda aka kwaso daga Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230. Wani abokina ya sayo irinsa yana murnar araha, ya jona cajar, ƙauri kawai muka ji. Juya bayan cajar ka karanta kafin ka biya. Kuma a kunna maka injin a gabanka: na kirki sai an danna maɓalli biyu da hannu biyu yake tashi, kana sakin ɗaya ya tsaya cak.

Wajen aski, bar gindin shingen ya fi samansa faɗi kaɗan, don rana ta sami ƙasan. In ka yi akasin haka, bayan shekara za ka ga ƙasan ya zube ya zama tsirara, awaki na leƙowa. Da damina Duranta kan buƙaci aski duk mako biyu ko uku, a rage kaɗan-kaɗan. Da bazara kar ka yi masa ƙwal-kwabo, rana za ta ƙone ganyen cikin da ka tone. Kafin ka fara, bubbuga shingen da sanda saboda rina da maciji, ka duba ko akwai tsohuwar waya a ciki. Sa tabarau da safar hannu, jikoki su shiga cikin gida, kuma in reshe ya maƙale, zare batirin tukuna kafin ka kai hannu. Bayan aiki goge haƙoran ka ɗiga musu mai, musamman da hunturu, don ƙura da danƙon ganye in suka haɗu suna dakushe baki.

Lallen kuwa, tambayi Hajiya tukuna. In tana tsinkar ganyen don ƙunshi, man da ke bakin injin zai ɓata mata shi. A bari ta gama ɗiba, ko kuma a bar wa almakashi wannan ɓangaren.