Filin Tambayoyinku: Na gurza fuskata har na gaji, ƙurajen sun ƙi tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Ni ɗaliba ce, shekarata 22, ina zaune a Yelwa nan cikin Bauchi. Fuskata akwai maiƙo, in na yi wanka da safe, kafin azahar goshina da hancina sun yi naso kamar an shafa man gyaɗa. Ga ƙuraje a goshi da haɓa, ga baƙaƙen ɗigo a kan hanci. Sau uku a rana nake wanke fuska da sabulun salo da soso, ranar Juma'a kuma in haɗa sukari da lemon tsami in gurza. Yanzu duk inda ƙurji ya fito sai ya bar baƙin tabo. Ƙawata ta ce in sayi sikirob, sabulun nan mai yashi-yashi. Na je Kasuwar Wunti na gan su kala-kala har na rasa na ɗauka. Don Allah wanne zan saya? Kuɗin hannuna ba su da yawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin mu koma Wunti, ajiye soson nan tukuna. Ki bar shi wa baya da ƙafa, shi da fuskarki sun yi sallama daga yau. Lemon tsami kuma ki mayar da shi kicin, can aikinsa yake.

Daga yadda kika rubuto na gane kin ɗauka datti ne ke kawo ƙurajen, shi ya sa kika tasa fuskar a gaba da gurza. Haka yawancinmu muka taso muna ji. Amma ƙurjin fuska daga ciki yake somawa. Kowane ɗan ramin gashi da ke fuskarki yana da 'yar jaka a gindinsa mai fitar da maiƙo. Fata kuma kullum tana zubar da matattun ƙwayoyinta tana yin sababbi. In maiƙon ya yi yawa, sai ya cakuɗe da matattun ƙwayoyin nan su toshe ramin. Idan bakin ramin a buɗe yake, iska na taɓa toshiyar sai ta rine, kamar dai yadda goro ke yi in kin ɓare shi kin ajiye. Wannan shi ne baƙin ɗigon da kike gani a hanci, ba ƙura ba ce. Idan kuwa bakin ya rufe, ƙwayoyin cutar da dama can suna zaune a fatar kowa sai su samu ɗaki su hayayyafa, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara ruwa. Shi kuwa yawan maiƙon, sinadaran jiki ne da ake kira homon ke juya shi. Shi ya sa za ki ga ƙurajen sun fi taso miki gab da al'ada, ko da kin wanke fuska sau goma.

To soso da sukari iyakarsu sama, ba sa shiga ramin. Abin da kawai suke yi shi ne su fasa ƙurjin da ya riga ya kumbura, su kuje fatar da ke gefensa. Ga mu kuma baƙar fata, duk inda aka ji mata ciwo sai ta ƙara zuba launi a wurin. Ƙurjin da zai baje a mako guda, tabonsa sai ya yi wata uku, wata shida, wani ma fiye.

Ba a littafi kaɗai na karanta wannan ba. Ina 'yar makaranta, saura kwana huɗu bikin yayata, wasu ƙuraje biyu suka fito min a kumatun dama. Wata maƙwabciyarmu ta ce in matse lemon tsami a kan gishiri in dirje. Na dirje har sai da hawaye ya zubo, ina ganin zafin nan shi ne alamar magani na ci. Washegari na tafi kai anko gidan dangi cikin rana. Ranar kamu kumatuna ya yi wani shati baƙi ƙirin, faɗinsa kamar murfin kwalbar lemo, duk hodar da aka labta ta kasa rufe shi. Garin neman gira na kusa rasa ido. Sai da na fara aiki a shagon magani na san cewa ruwan lemon tsami in ya haɗu da hasken rana ƙona fata yake yi. Hotunan bikin suna nan, a kowanne na karkatar da kai gefe guda kamar mai ciwon wuya.

Yanzu ga batun saye. Sabulan da ake cewa suna cire matacciyar fata iri biyu ne. Akwai masu ɓarɓashi, waɗanda ake niƙa ɓawon ƙwallon 'ya'yan itace ko sukari ko gishiri a zuba a ciki, su ne ƙawarki ke nufi. Akwai kuma waɗanda babu ɓarɓashi ko kaɗan, sabulun ruwa ne sumul, sinadarin da ke cikinsa ne ke narkar da toshiyar. Na biyun nake so ki saya. Na farkon, ga mai ƙuraje masu kumburi, soso ne kawai aka zuba a kwalba aka tsauwala masa kuɗi.

Sinadarin da za ki nema sunansa salisilik. Ki juya kwalbar, za ki ga an rubuta Salicylic Acid 2%, wasu kuma su sa haruffan BHA. Daga kashi 0.5 zuwa kashi 2 cikin 100 ake sa shi a kayan wanke fuska, kuma kashi 2 ɗin ya ishe ki. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kan sauran: a cikin maiƙo yake narkewa. Ki lura da bakanike in ya gama aiki, ba ya fara wanke baƙin mai da ruwa, sai ya sa ɗan fetur ko kalanzir, don ruwa zamewa yake yi a kan mai. Haka salisilik yake bin maiƙon ya gangara cikin ramin, ya sassauta abin da ya toshe. Neutrogena Oil-Free Acne Wash misali ne na mai kashi 2, amma kada sunan kamfani ya ɗaure ki. Duk wanda kuɗinki ya kai, in dai sinadarin na ciki kuma ba jabu ba ne, aikinsu ɗaya. Abu guda dai, salisilik ɗan gidan su asfirin ne, wadda asfirin ke tayar wa da borin jini ta nisance shi.

Za ki kuma ci karo da masu gilaikolik, ko masu haruffan AHA. Wannan a ruwa yake narkewa, aikinsa a saman fata ne, yana gyara gautsi yana taimaka wa tabo ya dushe, sai dai yana sa fata ta rage juriyar rana. Da irin ranar da ake kwaɗawa a Bauchi a watan Maris da Afrilu, ba zan fara ki da shi ba.

Idan ƙurajenki jajaye ne masu ruwa sun fi baƙaƙen ɗigon yawa, akwai benzoyil feroksaid, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar. PanOxyl na yin sa kashi 4 da kashi 10. Ki tsaya a ƙaramin, babban ya fi busar da fata, kuma a fuska ba lallai ya fi aiki ba. Ki kiyaye shi da tufafi, don yana cinye launin tawul da rigar filo da hijabi. Na taɓa ganin hijabi ruwan toka da ya koma dabbare-dabbare daidai haɓa, mai shi tana ta zargin mai wanki. Kuma kada ki fara shi da salisilik a mako ɗaya, in fuska ta yi bore ba za ki san mai laifi ba.

Inda za ki saya ma abin dubawa ne, don jabun kayan shafa sun yi yawa. Ki fi karkata ga kemis ko shagon da kika san za ki iya komawa ki yi magana. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki ga murfin a liƙe yake. Duk kwalbar da ta yi miki alkawarin fari cikin kwana 7, ko haɗin da aka ɗura a roba babu rubutun abin da ke ciki, ki wuce abinki. Da yawan irin waɗannan haɗe-haɗen ana zuba musu magungunan sitiroyid irin su kulobetasol. Makon farko fuska ta yi luwai, ki ce kin dace. Bayan 'yan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, wasu ƙananan ƙuraje iri ɗaya su feso a goshi da kumatu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Irin waɗannan fuskokin su na fi gani a bakin kanta, kuma su suka fi wuyar gyara.

Yadda za ki yi amfani da sabulun salisilik ɗin ya fi sunan kwalbar muhimmanci. Ki fara da dare kawai, yau ki yi gobe ki huta, har mako biyu. Ki jiƙa fuska da ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba. Ki ɗiga kamar ƙwayar gyaɗa a tafin hannu, ki shafa da tafukan yatsu a hankali, ki bar kumfar ta yi kamar minti ɗaya, don in kika ɗauraye nan take sinadarin bai samu zama ba, kuɗinki kika zubar a rariya. Ki dangwala tawul mai tsabta, kada ki goga. In fatar ta karɓa, babu raɗaɗi babu saɓa, sai ki koma kullum da dare. Da safe sabulun fuska mara ƙarfi ya wadatar. Kada ki manta mu masu alwala ne, sau biyar a rana ruwa na taɓa fuskar nan. Wannan ruwan ya isa ya ɗauke zufa da ƙurar hanya, ba sai kin bi kowace alwala da sabulu ba.

Sabulun salo ba na kushe shi, ni ma da shi nake wanka. Amma da toka ake haɗa shi, yana da kaifi. A ma'aunin da masana ke auna tsami da kaifi, wanda tsakiyarsa 7 ne, fatar mutum tana wajen 5, sabulun dunƙule kuwa yakan kai 9 zuwa 10. In kin wanke fuska kika ji ta ɗaure tamau kamar fatar ganga, to an kwashe mata abin da ke kare ta ne, ba tsabta ba ce. Sau uku a rana da soso ya yi mata yawa.

Kuma ki shafa mai bayan wankewa. Na san za ki ce Anti, mai kuma a kan maiƙo? E, mara nauyi, mai ruwa-ruwa, wanda aka rubuta ba ya toshe ramukan fata. Musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busar da har leɓe. A watannin nan ma kina iya rage salisilik ɗin zuwa sau uku a mako. Man kwakwa ki bar shi a jiki, yana toshe fuskar masu maiƙo. Da rana in da hali ki sa man kare rana wanda aka rubuta SPF 30 a jikinsa, shi ke hana tabon ƙara duhu.

Ƙurajen goshi da haɓa da kika ambata sun sa ni wani tunani. Duba man kitsonki. In ana lafta shi har gaban goshi, zafi na narkar da shi ya gangaro. Duba kuma hijabin da kike sawa, daidai inda ya kama goshi da haɓa, nan zufa da hoda da man gashi ke taruwa. Ki riƙa canza shi bayan kwana ɗaya ko biyu, rigar filo kuma duk mako.

Sai haƙuri. Kada ki yanke wa sabulun hukunci kafin mako 6 zuwa 8. Ki ɗauki hoton fuskarki yau a bakin taga, ki sake ɗauka bayan wata biyu a wuri ɗaya, don madubin kullum ba ya nuna canji. Hannu kuma ya bar matsa. Idan an kai wata uku babu sauƙi, ko ƙurajen manya ne masu zurfi da ciwo suna barin rami, ko kuma al'adarki na rikicewa tare da gashi na fito miki a haɓa, wannan ya wuce aikin sabulu. Ki je Asibitin Koyarwa na ATBU ko wanda ya fi kusa da ke, ki nemi a haɗa ki da likitan fata. Masu juna biyu da ke karanta wannan shafi, ku tambayi likita kafin ku shafa kowane maganin ƙuraje, don akwai dangin retinoyid da ke cutar da ɗan tayi.

TAMBAYA: Salam Hajiya. Ni matuƙin Keke Napep ne a Gombe, ina yawan bin layin Tumfure. Duk na yi aski sai ƙuraje su feso min a wuya da ƙasan haɓa, suna ƙaiƙayi. Sabulun da mata ke saya na ƙurajen fuska zai yi min?

AMSA: Wa alaikas salam ƙanena. Sabulu ba shi da mace ba shi da namiji, sai dai naka ciwon daban ne. Gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka aske shi ƙwal da reza, tsininsa kan lanƙwasa ya koma ya soki fata, wurin ya kumbura. Maganin farko yana hannun mai askinka: ya ajiye reza, ya yi maka da kilifa, ya bar ɗan tsawo kaɗan, kuma kada ya ja fatar yana bi ta inda gashi bai kwanta ba. In za ka iya, ka bar gemun ya huta wata guda, za ka ga yawancinsu sun kwanta da kansu. Sabulu mai salisilik da dare zai taimaka, ga shi kuma zai ɗauke maka ƙura da hayaƙin da ka kwasa a titi. Ka daina tono gashin da allura ko tsinken ashana. In kana da hali ka sayi kilifarka, ka riƙa tafiya da ita shagon aski a aljihun keken.