Mu shafe Gidan Madaki da siminti?

Tambaya: Malam, ni ɗan Kafin Madaki ne a Jihar Bauchi, aiki ya ajiye ni Legas. Duk sanda hadari ya haɗo sai gabana ya faɗi, kada wata damina ta kwantar mana da Gidan Madaki. Ni da abokaina mun fara karo-karo don mu shafe bangon da siminti. Ta ina za mu fara?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya saka da alheri, amma ku ajiye maganar simintin nan. Tun 1956 gidan ya shiga jerin gine-ginen tarihi na ƙasa, don haka ko cokalin magini ba za ku ɗora masa ba sai da izinin hukumar kula da kayan tarihi. Takardar takan ɗauki lokaci, na sani, amma a nema.

Ko da an ba ku izini, siminti ba gata ba ne ga ginin ƙasa. Na gaji da faɗin wannan. Bangon tubali yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti kuwa toshe shi yake yi. Rana ta buga, ya yi 'yar tsaga, ruwa ya shiga ta nan ya rasa mafita, ƙasar ciki ta yi ta jiƙa tana zubewa, waje kuma sumul kamar sabon gini. Ka je duk gidan ƙasar da aka yi wa haka, ka ƙwanƙwasa bangon da yatsa. In ka ji ya amsa kamar ganga, to ciki rami ne. Daga nan danshin ya hau kan azara. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma in bakinta ya daɗe a jiƙe ruɓewa yake, kuma ita ke riƙe da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe da rufi, da rufin soron gaba ɗaya. Sai ka ji mai shafen da bai taɓa murza tubali ba yana rantsuwa wai ya yi maganin damina har abada. Shi dai an biya shi, ya kama gabansa.

Shahararren magini Babban Gwani ya gina gidan nan wajen 1860, kuma yaɓe ne ya kawo shi yau. Kuɗinku su tafi can: a nemo tsofaffin magina, a gyara indararo kafin ruwan fari, a cike gindin bango inda ruwa ke kwanciya, a shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Ku ware wani abu na baɗi, don aikin na kowace shekara ne.