Ga ƙanenmu mai sabon dron

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, kai da ka ce an kawo maka DJI Mini 2, kana tambayar ta ina za ka fara, wai har ranar Asabar za ka ɗauki bikin yayarka da shi... don Allah ajiye maganar bikin nan tukuna.

Nemi fili, irin filin ƙwallo ko na idi, da sassafe kafin iska ta taso, kafin kuma yara su hango ka, don in suka hango ka shi ke nan. Shimfiɗa kwali ka ɗora shi, ƙurar hunturun nan tana shiga injinsa. Bayansa ya riƙa kallonka. Kar ka tashe shi sai GPS ya kama ya riƙe wurin da ya tashi. A jikin rimot, sandar hagu sama da ƙasa da juyawa, ta dama gaba, baya da gefe. Ɗaga shi kamar tsayin mutum biyu, ka saki hannu, zai tsaya cak da kansa. Ka sauke, ka sake. A haka batirin farko zai ƙare, kar ka ji haushi. Minti 31 ɗin da suka rubuta, in ka samu 20 da ɗoriya ka gode Allah.

To ga inda ake shan ƙasa: in ya juyo yana fuskantarka, damarka ta zama hagunsa. Ni nan na tura dama, na ga ya yi hagu, na rikice na ƙara dannawa, sai ji na yi ƙarrr a cikin darbejiya. Farfela biyu suka tafi, ga ladan yaron da ya hau ya sauko min da shi. Naka kuma ba shi da idon ganin abin da ke gabansa, na ƙasa kawai gare shi. Saboda haka idonka a kan dron, ba a kan waya ba. Tsayin da zai hau in zai dawo gida da kansa, ka saita shi ya wuce bishiyoyi da falwayoyin unguwar.

Sai hukuma. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke ba da izini. Kar ka wuce mita 120, kar ka kusanci filin jirgi ko bariki, kar ka leƙa tsakar gidan mutane.

Bikin kuwa, ɗauki hayar wanda ya iya dron kawai, kai ka tsaya gefensa kana kallon yatsunsa.