Harafin Takardarsa Bai Canza Ba: Maigidana Ya Daina Samun Sauƙi Ke Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da maigidana ya yi haɗarin mota, lakarsa ta taɓu a ƙasan gadon baya. Tun a wata na uku aka rubuta masa harafin D a takardar gwaji, har yau D ɗin ne. A da yana tafiya da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ba tare da an riƙe shi ba. Kwanan nan ya dage sai da ya koma sanda ɗaya, amma ni a idona tafiyar ta ƙara nauyi, sau biyu yana faɗuwa. Keken guragun ma ya ce ya daina hawa. Ta yaya ake gane ana ci gaba ko an tsaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Kada harafin nan ya tayar miki da hankali. Ya fito ne daga ma'aunin ASIA, wanda ke raba raunin laka gida biyar, daga A zuwa E. A na nufin babu ji ko motsi da ya rage a can ƙarshen laka, wato kewayen dubura, shi ya sa likita kan gwada wurin ko da majiyyaci na jin nauyi. E kuwa komai ya dawo daidai. D na nufin aƙalla rabin tsokokin da ake gwadawa a ƙasa da raunin suna iya ɗaga gaɓa sama da kansu. To gidan D faɗi gare shi. Mai jan ƙafa da ƙyar yana ciki, mai tafiya ba sanda ma yana ciki. Mutum na iya shekara yana ƙara ƙarfi harafin bai gusa ba.

Abin da za ki nema a takardar shi ne makin ƙafafu. Tsoka biyar ake gwadawa a kowace ƙafa: mai ɗaga cinya, mai miƙar da gwiwa, mai ɗaga tafin ƙafa sama, mai ɗaga babban yatsa, da ta sharaɓa mai tura ƙafa ƙasa. Kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 5. Sifili babu ko motsi, 3 tana ɗaga gaɓar har ƙarshe amma da an danna za ta saki, 5 cikakken ƙarfi. Ƙafa biyu jimilla 50. Ki roƙi likitan fisiyo, wato mai gashi da atisayen gaɓoɓi, ya kwatanta makin wata na uku da na yanzu. Daga 28 zuwa 36, alal misali, babban ci gaba ne, alhali duka D ne. Sai dai a kula, zaburar ƙafa da take yi da kanta idan an taɓa ta ko da dare ba a lissafa ta. Ƙagewar tsoka ce, motsin da shi ya umarta kaɗai ake ba maki.

Game da lokaci, yawancin dawowar jijiya a wata shida zuwa tara na farko take faruwa, daga nan ta rage gudu, kodayake masu rauni irin nasa kan ci gaba da samun ƙari har bayan shekara. Ƙwarewa kuwa, wato iya sarrafa abin da ya dawo, ba ta da wa'adi irin wannan.

Yanzu batun sanda, wanda a ganinmu shi ne ainihin matsalar. Akwai ma'auni mai suna WISCI II, mai hawa 0 zuwa 20, da ke duba abu uku a tafiyar mita 10: me mutum ya dogara da shi, yana sanye da abin tallafe ƙafa ko babu, kuma mutum nawa ke riƙe shi. Ƙarfen dogarawa ba tallafi ba mai riƙewa hawa na 13 ne. Sanduna biyu 16. Sanda ɗaya 19. Kin ga maigidanki ya yi tsalle daga 13 zuwa 19, ya tsallake sanduna biyu. In kuma sai kin tallafe shi yake iya tafiya da sandar, hawa na 14 yake, ba 19 ba. Ba a ba mutum hawan da bai iya takawa lafiya a kai, kuma faɗuwa biyu ta riga ta ba da amsa.

Wannan ma'aunin bai san sauri ba, bai san gajiya ba, don haka ake haɗa shi da agogo. Za ku iya yi a gida idan likitansa ya amince. A auna mita 14 a daɓe marar gargada, a ja layi a mita 2 da mita 12. Ya fara tafiya daga farko, ki danna agogo idan ƙafarsa ta haye layin farko, ki tsayar a na biyu. Ki raba 10 da yawan daƙiƙoƙin. Daƙiƙa 25 na ba da mita 0.4 a daƙiƙa, daƙiƙa 40 kuma 0.25. A yi sau biyu a ɗauki matsakaici, wani na biye da shi a ɓangaren da ya fi rauni. A gwada da ƙarfen, a huta, a gwada da sandar, a rubuta kowanne daban. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwatanta lokacin ƙarfe na watan jiya da lokacin sanda na yau, sai a ce ya koma baya, alhali abin dogarawar ne ya canza. Takalmi iri ɗaya, lokaci iri ɗaya na yini, sau ɗaya a wata ya isa. Bambanci ƙanƙane ba a gina hukunci a kansa, rashin barci ko ciwon mafitsara kaɗai na iya kawo shi. A asibiti za su ƙara da tafiyar minti shida don ganin juriya, da gwajin daidaito na Berg mai abu 14 da maki 56.

Kafin a ɗora wa laka laifin faɗuwar, a duba kayan. Mariƙin sanda ya kamata ya zo daidai wuyan hannu idan yana tsaye hannu a sake, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa kamar digiri 20 zuwa 30. Ana riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai ƙarfi, ta fita tare da ƙafa mai rauni. Mutane da yawa akasin haka suke yi. Ki juya sandar ki duba robar ƙasanta, in ta siɗe santsi za ta ja. Sannan ki duba bakin takalminsa: in ya goge ta gaba, yatsunsa na jan ƙasa ke nan, tsokar ɗaga tafin ƙafa ba ta kai ba. Maganin wannan abin tallafe idon sawu ne na roba mai tauri da ake sawa cikin takalmi. In gwiwa ce ke lanƙwashewa ba shiri, sai a duba tallafi mai kaiwa cinya. Duk wanda aka ba shi, a fara da ɗan lokaci, a cire a duba fata, domin inda ji ya ragu ba zai san tana gogewa ba. Jan da bai washe ba bayan minti 30, a ajiye tallafin a mayar wa wanda ya haɗa shi. In sandunan hammata aka ba shi, a bar tazarar yatsa biyu zuwa uku ƙasa da hammata, nauyi a tafin hannu, don rataya a kansu na danne jijiyar hannu.

Maganar keke sai an bi ta a hankali, don mun san yadda maza ke ɗaukar hawansa kamar sallamawa. Amma ma'aunin SCIM III, mai maki 100, rayuwar yini yake aunawa: 20 na kula da kai kamar wanka da sa tufafi, 40 na numfashi da fitsari da bayan gida, 40 na zirga-zirga. A can, mai tuƙa kekensa da kansa ma yana samun makinsa na zirga-zirga. Masu rauni irin nasa da dama kan taka a cikin ɗaki, su hau keke idan tafiya ta yi nisa, su adana ƙarfinsu da kafaɗunsu don atisaye.

Shawararmu, ya koma ƙarfensa a zirga-zirgar yau da kullum, sanduna biyu su zama abin atisaye a gaban likitan fisiyo. Ki tafi da takardar lokutan da kika auna da ranakun da ya faɗi. In kuwa kin ga ƙarfin da yake da shi yana raguwa, ko rashin ji yana hawa sama, ko sabon ciwo mai ƙuna, ko riƙe fitsari ya canza, kada ku jira ranar da aka ba ku. Wani lokaci ruwa kan taru a cikin laka watanni ko shekaru bayan rauni, kuma hoton MRI ne ke nuna shi.