Kar ƙaninka ya sa hannu a kowace takarda tukuna

Ɗan'uwa sannu, Allah ya ba ƙaninka lafiya. Ina karanta cewa inji ya cinye masa yatsu, kamfani kuma ya ce leburan wucin gadi ne ba shi da diyya, sai na tsinci kaina ina kallon hannuna na hagu.

Ni ma a wata masana'antar roba a Sharaɗa ya same ni, a aikin dare. Murfin injin ya daɗe a cire, mun yi ƙorafi har mun gaji. Manajanmu, mutumin da nake wanke wa mota ranar Asabar ba ko sisi, bai taka asibitin ba. Kwana uku ya aiko direbansa da ambulan da wata takarda da Turanci, ina cikin maganin barci na dangwala. Da na koma mai gadi ya tare ni a ƙofa, wai an hana ni shiga. Mai gadin da muke cin ƙosai tare! Wallahi wannan tsayuwar ta fi yankan zafi. Har gobe in na ga irin motarsa gabana faɗuwa yake.

To zancen wucin gadi ƙarya suke. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da lebura da ɗan koyo, kuma kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar raunin aiki, ba a taɓa kuɗin ma'aikaci. Ƙaninka ya rubuta wa kamfanin sanarwar raunin cikin kwana 14, ya riƙe kwafi. Su kuma kwana 7 gare su su kai wa NSITF rahoto. Wa'adin neman diyyar shekara ɗaya ce, ni sai da ta wuce na ji labarin. In sun yi taurin kai ku je ofishin hukumar da ƙafarku.

Kar a kai shi wajen mai ɗori, ba ya ba da takardar likita. Rasit ko na allura ne a adana, a ɗauki hoton ciwon da na injin kafin su mayar da murfi. Ku karɓi lambar waɗanda suke wajen tun yanzu, nawa shaidun duk zamewa suka yi, kowa na tsoron abincinsa.

Kuma ku riƙa zama da shi da daddare. Ni wata biyu ina jin ƙaiƙayi a yatsun da babu su, na kasa gaya wa ko matata.