Ga 'yar'uwar da za ta sauko Jidda daga Ɗa'if da yara huɗu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun bayan asuba na ga tambayarki, na ajiye wayar na sake ɗauka, raina ya ƙi barina in wuce. Kin ce an mayar da aikin maigida Sina'iyya, wato unguwar masana'antu ta kudancin Jidda, yaranki huɗu ke kike koyar da su a gida, kuma abin da za ku iya fitarwa na haya bai wuce riyal 20,000 a shekara ba, a nuna miki unguwa mai rangwame. Na ga an yi ta jero miki sunaye, wata ta ce Hamdaniyya, wata ta ce Khumra. Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai yawancin masu ba ki amsar, kafin ƙarfe 7 motar makaranta ta kwashe musu yara, gida ya yi tsit har azahar. Ni da ke kuwa wuni muke a cikin shiggar, wato fulat ɗin haya, mu da yara da allo da hayaniya. Shiggar da ta yi wa mai fita aiki arha, mu tana iya cinye mu.

Wutar lantarki ce ta fara zo min a rai da na ga kin ce Ɗa'if. Ke kin saba da sanyin dutse, kina iya buɗe taga ki yi karatu da yara. Jidda ba haka take ba. Daga watan 5 har watan 10 ga zafi ga ruɗuba, yaro na rubutu hannunsa na manne wa takarda. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya hutawa a gidana. Kuɗin wuta na gidaje halala 18 ne kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata, abin da ya haura sai ya koma halala 30, sannan a ɗora harajin kashi 15. To ki tambaya tun kafin komai: addadin, wato mitar wuta, na shiggar ne ita kaɗai, ko an haɗa da wasu? Tun bayan rusau ɗin da hukuma ta yi wa tsofaffin unguwannin Jidda, masu imara, wato benen haya, da yawa sun raba shigga ɗaya gida biyu, mita kuma ɗaya. In aka haɗa gidaje a mita guda da wuri ake tsallake 6,000 ɗin, kuma ranar da takardar kuɗin wuta ta fito ke za a nuna da yatsa, a ce ai ke ce mai wuni a gida da yara. Haka nan kada a ruɗe ki da mulhak, ɗakunan da ake ƙarawa a can saman bene, don an rage miki dubu biyu. Rana tana dukansa kai tsaye, abin da aka rage miki kamfanin wuta zai karɓe. Ki duba mukayyif ɗin kansa ma, irin tsohon na taga da ke ruri, wallahi ba kya jin yaro in yana biya miki karatu.

Mu a Gulail muke lokacin rusau. Ba sai na ba kowa labarin jan fentin da aka yi wa bangon gidajen da za a rushe ba, rabin 'yan zauren nan sun gani da idonsu. Abin da har yau yake ci min rai ba rusau ɗin ba ne, wannan hukuma ce ta yi, kuma ta shafi kowa. Wani ɗan garinmu ne. Mutumin da suke sahu ɗaya da Abban yara a masallaci, ya ci tuwon sunan autana, yarana suna ce masa Baffa. Da ya ga mun rasa inda za mu sa kanmu, kowa na neman gida, haya ta yi tashin gwauron zabo, sai ya zo har gida ya ce ya samo mana shigga ɗaki uku da sala, wato falo, mai imarar abokinsa ne. Bayan isha'i ya kai mu muka gani, har da makulli a hannunsa. Ya ce a ba da arabun, wato kafin alƙalami, riyal 3,000 da kuɗin dillancinsa yanzu-yanzu don akwai masu jira, mai gidan ya yi tafiya, in ya dawo a yi takarda a Ejar, manhajar hukuma ta rajistar haya. Warwarona na zinare na sayar aka haɗa kuɗin, wanda mahaifiyata ta ba ni.

Ranar da muka ɗauko dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kaya, muka loda kaya muka isa, sai muka tarar da labule a tagogin. Haris, mai gadin imarar, ya fito yana kallonmu, ya ce ai an ba wasu tun makon jiya, kuma shi bai san wani arabun ba, makulli dai ya ara wa mutumin don ya ce zai nuna wa 'yan'uwansa. Abban yara ya kira, waya a kashe. Mai dabbab ya ce shi fa yana da wani aiki, ya sauke mana kaya a bakin titi. Kwalayen littattafan yara, farin allon da nake rubutu, katifu, tukwane, duk a ƙasa. Babbar 'yata ta zauna a kan kwalin littattafanta ta ƙi tashi, wai kada a sace. Ban yi kuka a gabansu ba sai da ƙaramin ya tambaye ni ko yau babu karatu. Daga nan Makka muka nufa, wajen yayar maigida a Shara Mansur, ɗaki ɗaya da mu da yara, shi kuma kullum yana hanya tsakanin Makka da Jidda. Haddar babbar, da ta kai izu 20, a zaman nan ta zube, sai da muka koma baya sosai.

Kuma mutumin nan yana nan garin. Ya sake lamba, ya yi ƙiba. Na haɗu da matarsa a wani biki ta rungume ni tana ina yara, kamar ba a yi komai ba. Da manya suka shiga maganar cewa ya yi shi ma cutarsa aka yi, a yi haƙuri, in Allah Ya hore zai biya. Har yau Allah bai hore ba. Aka ce kada mu kai ƙara, ɗan'uwa ne, za a ja masa matsalar igama, takardar izinin zama a ƙasar, yana da iyali. Mu namu iyalin da suka tsaya a titi fa? Abban yara ya ce ya yafe. Ni ban yafe ba, na bar shi da Allah, kuma duk wadda za ta zo ta yi min wa'azi a ƙasan wannan rubutu ta bari kawai.

Saboda haka 'yar'uwa, ko uwa ɗaya uba ɗaya kuke da mai nuna muku gida, kada riyal ɗaya ya fita sai takarda ta shigo wayar maigida ta Ejar ya karanta ya amince. Tun watan Janairun 2024 kuɗin hayar gidaje ma ta cikin Ejar ake biya, ba hannu da hannu ba. Kuɗin dillali kashi 2.5 ne na hayar shekara, wato a naku riyal 500, kuma dillalin gaskiya yana da lasisin Fal da hukuma ke ba dillalan gidaje, ku ce ya nuna. A rubuta cikin takardar ko biya biyu ne ko huɗu, da wanda ruwa yake kansa.

Maganar unguwa kuwa, ki manta da Rauda da Zahra da Shaɗi da Ubhur, ba namu ba ne. Hamdaniyya da aka ce miki gine-ginenta sababbi ne, ɗakuna da faɗi, amma tana can arewa maso gabas, aikin maigidanki yana kudu. Zai ratsa garin gaba ɗaya ta titin Haramain safe da yamma, ya dawo a gajiye bayan yara sun yi barci. Kuma in mota ɗaya ce, ke da yara kun zama 'yan kurkuku, don Jidda ba ta da jirgin cikin gari irin na Riyad, bas ɗin kuma ba ko'ina yake shiga ba. Da ni ce ke, kudu zan fara dubawa: Sanabil, Ajawid, Amir Fawwaz, Waziriyya, Mada'in Fahad. Khumra da Ƙurainiyya sun fi sauƙi, ga kasuwar Sawarikh kusa inda za ki haɗa teburan karatu da shelf na hannu da kuɗi kaɗan, amma manyan motoci da ɗakunan ajiyar kaya sun yi yawa, ga ƙura. In kina da mai asma ki yi tunani. Ni yanzu a Safa nake, tsakanin titin Arba'in da na Saba'in, tsohuwar imara. Ɗakunan ba su kai na Hamdaniyya ba, wajen ajiye mota ma faɗa ne, amma komai da ƙafa nake zuwa: bagala wato shagon unguwa, mustausaf wato ƙaramin asibiti, masallaci. Babbar kasuwar kayan miya tana nan cikin Safa. Sai dai a kuɗin da kika faɗa, ɗaki uku a nan sai an sha yawo, wataƙila ki haƙura da biyu da sala, ki mayar da majalisa, ɗakin baƙi, aji kamar yadda na yi. Baƙi su zauna a kan tabarma tsakanin littattafai, ba wanda ya mutu.

Abin da nake roƙonki, ku je ganin gida da rana tsaka, wajen 11 zuwa 2, a ranar aiki. Dillalai sun fi son dare. Da rana ne za ki san ko haske yana shiga ɗakin da za ki koyar, ko tagar bangon maƙwabta take kallo. Ki ƙwanƙwasa wa na ƙasanku ki gaisa. Mun zauna wani gida da na ƙasa aikin dare yake, ya dawo ya kwanta daidai lokacin da muke fara karatu, yaro ya ja kujera sai bugun silin da sandar mofa. Shi ma da gaskiyarsa, amma na gaji da cewa yara shiit, sai ka ce a gidan makoki. Tun daga nan hawa na farko nake nema, wanda ƙasansa garejin motoci ne. Ki tabbatar imarar ta iyalai ce zalla ba a cusa gwauraye ba, tunda wuni za ki yi ke kaɗai da 'yan mata.

Ruwa kuma, ki tambayi matan gidan, kada ki tambayi haris. Sau nawa yake yankewa, in ya yanke wa ke biyan wayit, wato tankar ruwa, tankin ƙasa yana isar imarar? Ki dubi gindin bangon waje, in kin ga layin tabo kin san ruwan sama yana kwanciya a wurin. Jidda ba ta cika samun ruwa ba, amma in ya zo ba ya wasa. Ambaliyar Nuwamban 2009 mutum fiye da 100 ta ci, Ƙuwaiza ta fi shan wahala, a Nuwamban 2022 ma motoci sun yi ta iyo a tituna. Inda ruwa ke kwanciya nan sauro yake, kuma garin nan akwai zazzaɓin dengi.

Yaran da ba sa zuwa makaranta abokai suke rasawa, wannan ke ma kin sani. A Gulail ban taɓa damuwa ba, lungu cike da Hausa, yaro ya fita ya dawo da ƙura da abokai. Yanzu an watse, kowa da inda ya faɗa. Halaƙar tahfiz ce ta rufa min asiri. Ƙungiyar Khairukum tana da halaƙoƙi a masallatai da yawa na Jidda, akwai kuma darul tahfiz na mata. Kafin ki so gida ki tambayi limamin unguwar ko ana zama bayan la'asar, kuma yaro zai iya takawa ba tare da ya tsallaka babban titi ba. Da sanyin hunturu muna kwasar littattafai mu tafi lambun Amir Majid, wani lokaci laburaren Sarki Fahad da ke kusa da Jami'ar Sarki Abdul'aziz.

Na san kuma abin da ba ki rubuta ba. Kuɗin murafiƙin da baƙo ke biya wa hukuma a kan iyalinsa, riyal 400 kowane kai a wata tun 2020, ke da yara huɗu 2,000 ke nan, 24,000 a shekara, ya fi hayar da kike nema. Shi ya sa nake jin haushin masu cewa me zai hana ki sa su makarantar intanashonal, kamar kuɗin a bakin titi ake tsinta. Da masu cewa ki tura su gida wajen kaka. Dangin maigidana sun yi min wannan waƙar har na daina ɗaukar waya ranar Juma'a. Ke dai ki adana aikin kowane yaro a fayil da kwanan wata, ranar da za ki nema musu shiga makaranta ko jarrabawa zai yi miki amfani. Babbar tawa jarrabawar sakandare ta IGCSE muke hari ta British Council, suna karɓar ɗalibin da ba ta makaranta ya zo ba, kuɗin ne dai sai an fara tari da wuri.

Littattafan ki ɗaure su a ƙananan kwalaye ki rubuta sunan kowane yaro, su shiga mota a ƙarshe don su fara fitowa. Kada ku saki gidan Ɗa'if sai makulli da takardar Ejar suna hannu, ko da za ku yi asarar hayar wata ɗaya. Ki faɗa min shekarun yaran da ko kina tuƙi, don in kina tuƙi lissafin Sanabil da Safa ya canza. Ki neme ni ta gefe in kun sa ranar saukowa, ina da littattafan lissafi na aji 3 da 4 da nawa suka gama da su.